Akwatin Gindin Bel Na Uku

Shekara ashirin da shida ina kallon kwalabe
a Marinha Grande, inda iskar teku ke ɗanɗanon gishiri.
Tanderunmu ba ya barci, ko daren Kirsimeti.
Yashi ya shiga, wuta ta ci ƙarfinsa,
ya fito ja wur yana ɗiga kamar zuma,
almakashi ya datse, mazubi ya haɗiye,
sai ga kwalba tsaye, tana tafiya da ƙafar aro.

A da idona ne alƙali.
Kunne kuwa na Adelino ne:
ya kafa sukudireba a haƙarƙarin inji,
ya jingina kunne da ƙota, ya lumshe ido,
ya ce, boris ɗin nan ba zai ga Juma'a ba.
Ba ya gani kuwa.
Yanzu Adelino na can yana faɗa da tsutsar kabeji.

Sai manya suka ce a riƙa tambayar gajimare.
Hoton kowace kwalba ya tashi har Jamus,
ya bi layi, ya karɓo amsa, ya juyo.
Kafin ya iso, mai aibin ta wuce,
ta saje da 'yan'uwanta, ta yi lamo.
Kwalba ɗari huɗu a minti
ba sa jiran ɗan aike.

Telmo ne ya kawo akwatin,
bai fi kan burodi ba, toka-toka, ba ko fanka.
Ya ɗaure shi a gindin bel na uku,
inda zafi ke gasa gwiwa.
Ya ce, Dona Graciete, wannan nan take zai yanke hukunci,
sai dare ya yi ya aika da taƙaitawa.
Na ce, ashe dai kun gano
zuwa da kai ya fi saƙo.

Wata huɗu ya zaunar da ni gaban allo.
Wannan lafiya lau. Wannan kumfa a wuya.
Wannan tsaga. Wannan ƙura ce, ƙyale ta.
Hoto dubu goma sha ɗaya.
Ban san idona nake juyewa a gwangwani ba
sai da na ga ƙasan tulun.

Daren nan na Janairu hadari ya taso daga yamma,
itace ya faɗa wa waya a hanyar Leiria.
Allon ofis ya daskare.
Jamus ta yi shiru, gajimare ya koma ruwan sama kawai,
yana dukan kwano.
Amma 'yar koriyar fitilar nan ba ta ko ƙifta ba.
Ƙarfe uku saura, na ji fat! fat! fat!
Iska na hankaɗe kwalabe gefe,
duk 'ya'yan mazubi na tara.
Arba'in da ɗaya na ƙirga,
sannan ya rufe sashen, ba izini, ba sallama.

Na ɗauki ɗaya da safar hannu, na kai ta gaban haske.
Na juya ta. Na sake juyawa.
Na cire tabarau, na goge da gefen riga, na mayar.
Ba komai. Garau take kamar hawaye.
Na ce wa Telmo ɗalibina ya haukace.
Ya ɗaga kafaɗa: mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
Na so in ce ni ce mai ɗakin,
sai na ji maganar ta maƙale.

Na sako ta a jaka, ban gaya wa kowa ba.
Na ajiye ta a tagar kicin, kusa da tukunyar na'a-na'a,
shaidata, in ranar gardama ta zo.

Kwana uku.
Ran Lahadi rana ta leƙo, ina feraye dankali,
sai na ji ƙaramin sauti, ƙis,
kamar an karya farce.
Tsaga ta zagaye gindinta tsaf,
daidai inda na koya masa ya riƙa duba.

Na daɗe tsaye, wuƙa a hannu.
Sannan na ɗora ruwa a wuta.